Tsakanin ƙarfe uku da ƙarfe shida: Inda ake gina ko rusa 'ya'yan 'yan ci-rani

A ranar 30 ga Yuni, 2025, ana gobe ranar da aka saba sakin kuɗin, Ma'aikatar Ilimi ta Amurka ta aike wa jihohin ƙasar da 'yar gajeriyar sanarwa cewa ta dakatar da fiye da Dala biliyan 6 da majalisa ta riga ta amince a kashe a kan makarantu. A cikin kuɗin har da kimanin Dala biliyan 1.3 na shirye-shiryen da ake yi wa yara bayan an tashi daga makaranta da lokacin dogon hutu, da kuma kason koyar da Turanci ga yaran da ba su tashi da shi a gida ba. Nan take ƙasa ta ɗauki zafi. Jihohi fiye da 20 suka garzaya kotu, sanatoci goma na jam'iyyar Republican, wato jam'iyyar Shugaba Donald Trump ita kanta, suka rubuta takardar neman a saki kuɗin. Kafin watan Yuli ya ƙare gwamnati ta sauko, ta fara da sakin kason bayan makaranta, sauran kuma suka biyo baya da mako guda.

Mai karatu zai iya cewa, to mu ina ruwanmu da rigimar kasafin kuɗin Amurka, alhali namu makarantun ko rufin kwano na kirki ba su da shi? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana cikin gidajenmu. Da wuya a yau a sami unguwa a Kano ko Zariya ko Maraɗi ko zangon Kumasi da ba ta da ɗa a ƙasar waje, kuma da yawa daga cikin 'yan ci-ranin nan sun daina tafiya su kaɗai, sun kwashi iyali. 'Ya'yan nan jininmu ne. Abin da ke faruwa da su tsakanin ƙarfe uku na rana, lokacin da ake tashi daga makaranta, zuwa ƙarfe shida na yamma, lokacin da iyaye ke fara dawowa daga aiki, shi ne a ganina ke yanke hukunci a kan ko za su zama mutane, ko kuwa za su zame wa iyayensu abin da-na-sani. Dalilin da ya sa ke nan na ga ya dace in yi tsokaci a wannan fili.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Na taɓa kai ziyara ga wani ƙanena da ke zaune a unguwar Bronx ta birnin Niyok, inda 'yan Afirka ta Yamma suka yi sansani, har mutum yakan ji Hausar Gana da ta Nijar a bakin masallaci bayan sallar Juma'a. Shi yana tuƙin tasi tun daga la'asar har gabanin asuba, maiɗakinsa kuma tana wani shagon kitso daga hantsi zuwa dare. Babban ɗansu ya isa ƙasar yana da shekara 11, bayan ya daɗe a hannun kakarsa a gida. Yaron da na sani da surutu kamar aku, wanda ba ya wuce na ɗaya ko na biyu a ajinsu, sai na tarar ya zama bebe ƙarfi da yaji. Idan ya dawo daga makaranta sai ya kulle ƙofa, ya ɗumama wa ƙannensa abinci, ya zauna gaban talabijin har barci ya kwashe shi.

Wata rana na ce da shi, "Kai kuwa lafiya? Ina bakin nan naka ya tafi?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baffa, sau da yawa na san amsar, amma da na buɗe baki sai su yi dariya." Maganar ta tsaya mini a rai. Da na tunkari mahaifinsa da ita sai ya nisa ya ce, "Yaya, to yaya zan yi? Idan na ajiye motar nan kwana biyu, kuɗin haya kaɗai ya isa ya kore mu." Ban ga laifinsa ba, domin haka rayuwar ci-rani take.

Wata malama ce ta lura da yaron, ta sa shi a cikin wani shiri da ake yi a ɗakin karatu na unguwar bayan an tashi. Ana zaunawa da yara awa guda a taimaka musu da jingar da aka ba su, sannan a kasa su rukuni-rukuni, wasu zane, wasu muhawara, wasu harhaɗa na'urori. Shi ya faɗa cikin masu harhaɗa na'urori, inda hannu yake magana kafin baki. Da na koma bayan shekara uku, shi ya tarye ni a tashar jirgin ƙasa, kuma shi ya zaunar da ni ya bayyana mini yadda ɗalibi yake cika takarda ya jera makarantun sakandaren da yake so a birnin, abin da iyayensa ba su ma san ana yi ba. To amma ba zan kafa hujja da yaro ɗaya ba, balle ma ɗan ƙanena. Bari mu duba abin da tarihi da bincike suka nuna.

Da farko dai mu san girman al'amarin. A Amurka, kimanin yaro ɗaya cikin huɗu yana da uwa ko uba da aka haifa a wata ƙasa, kuma yara fiye da miliyan 5 a makarantun gwamnati, wato kusan ɗaya cikin goma, har yanzu koyon Turanci suke yi. Tun a 1982 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci, a wata shari'a da ta taso daga Jihar Texas, cewa ba a hana yaro makarantar gwamnati saboda iyayensa ba su da takardun zama. Ke nan doka ta buɗe wa yaro ƙofar aji. Sai dai doka ba ta iya sa shi ya ɗaga hannu a cikin ajin, ba ta kuma ce komai ba game da inda zai nufa idan an buga ƙararrawar tashi. Hukumomin shari'a na ƙasar sun daɗe da lura cewa a ranakun makaranta, laifukan tashin hankali da matasa ke aikatawa sun fi yawa ne a waɗannan awoyi na bayan tashi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abu na farko da irin waɗannan shirye-shirye ke ba wa baƙon yaro shi ne harshe. Wani masani a Kanada, Jim Cummins, ya bambance Turancin hira da Turancin karatu. Na hira, wanda ake yi a filin wasa da kanti, yaro kan kama shi cikin kimanin shekara biyu. Na karatu kuwa, wanda ake rubuta jarrabawa da shi a kimiyya da tarihi, yakan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai. A nan ne iyaye da malamai da yawa ke ruɗuwa. Sukan ji yaro yana zuba Turanci da abokansa su ɗauka ya gama, idan ya faɗi jarrabawa kuma su ce daƙiƙi ne ko malalaci. A aji mai ɗalibai 30, inda kowane kuskure ke da maki kuma yake da 'yan kallo, da wuya yaro ya sami minti biyar na magana a yini. A rukuni na yara takwas da ke haɗa wata 'yar na'ura kuwa, dole ya yi tambaya, ya yi gardama, ya yi bayani, kuma idan ya yi kuskure babu jan biro.

Abu na biyu shi ne babban mutum guda da ya san sunan yaro. A ƙarshen shekarun 1990, wasu masana a Jami'ar Harvard, Carola da Marcelo Suárez-Orozco, sun bi diddigin yara baƙi kimanin 400 har tsawon shekara biyar a yankunan Boston da San Francisco. Yaran sun fito ne daga Sin da Haiti da Meziko da Jamhuriyar Dominika da Amurka ta Tsakiya. Sakamakon da suka wallafa a 2008 abin tayar da hankali ne: kimanin rabin yaran makinsu ƙasa ya riƙa yi shekara bayan shekara, duk da cewa sun iso da ɗokin karatu. Mafi yawansu kuma sun taɓa rabuwa da uwa ko uba na wani lokaci a dalilin ƙaura, kamar dai ɗan ƙanena. Daga cikin abubuwan da suka bambanta waɗanda suka ci gaba da waɗanda suka zame, har da samun dangantaka mai ƙarfi da wani babba mai kula, malami ne ko mai horarwa ko wani jagora a unguwa. Mu da muka taso a inda ɗa na kowa ne, ba ma buƙatar a fassara mana wannan. Abin da ƙaura ke fara ƙwacewa yaro shi ne baffa da gwaggo da maƙwabcin da ke tsawata masa a ƙofar gida, kuma shirin bayan makaranta mai kyau yunƙuri ne na mayar masa da wani abu daga cikin wannan.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A 1889 wata baiwar Allah, Jane Addams, da abokiyarta Ellen Gates Starr suka buɗe wani gida mai suna Hull House a tsakiyar unguwar baƙi talakawa ta birnin Chicago, inda Italiyawa da Girkawa da Yahudawan Gabashin Turai suka cunkushe. Suka shirya darussan Turanci da kulob-kulob na yara da kiɗa da sana'o'in hannu. A rukunin kiɗan wannan gida ne wani ɗan tela, Benny Goodman, wanda iyayensa suka yi ƙaura daga daular Rasha, ya goge a busa, har ya zama ɗaya daga cikin shahararrun makaɗan Amurka. Ita kuwa Addams ta sami lambar Nobel ta zaman lafiya a 1931. Wato tun fiye da shekara 130 da suka wuce aka gane cewa baƙo makahon gari ne, yana buƙatar ɗan jagora ko da idonsa biyu.

A Ingila kuwa baƙin ne da kansu suka tashi tsaye. A 1971 wani malami ɗan tsibirin Grenada, Bernard Coard, ya wallafa ɗan ƙaramin littafi da ya fallasa yadda ake tura 'ya'yan baƙaƙen fata 'yan yankin Karibiyan makarantun da aka ware wa masu raunin ƙwaƙwalwa, fiye da kima kuma ba bisa ƙa'ida ba. Littafin ya ƙara wa iyaye azama wajen kafa makarantun Asabar a coci-coci da ɗakunan taro, inda suke koya wa 'ya'yansu lissafi da Turanci da tarihin baƙar fata, domin yaro ya san cewa yana da asali. A Amurka ma, masaniyar zamantakewa Min Zhou ta nuna yadda Sinawa da Koriyawa suka gina nasu makarantun yamma da na ƙarshen mako, waɗanda ke koyar da harshen gida, su shirya yara wa jarrabawa, kuma su zama dandalin da iyaye ke musayar labarin wace makaranta ce mai kyau da yadda ake shigarta. Mutane kan yi mamakin nasarar 'ya'yansu su danganta ta da halitta, alhali wani babban kaso nata tsari ne da aka zauna aka yi, aka kuma kashe masa kuɗi.

Idan muka juya ga batun sana'a, labarin Alphonso Davies ya isa misali. An haife shi a 2000 a sansanin 'yan gudun hijira na Buduburam da ke Gana, inda iyayensa suka fake daga yaƙin basasar Laberiya. Yana ɗan shekara biyar suka sami mafaka a Kanada, suka zauna a birnin Edmonton. Iyayen suna aikin dare da rana, shi kuma yana renon ƙannensa. Daga cikin wuraren da ya fara buga ƙwallo cikin tsari har da wata gasar bayan makaranta mai suna Free Footie, wadda aka kafa domin yaran da iyayensu ba su iya biyan kuɗin rajista da kayan wasa. Yana da shekara 14 ya koma makarantar horarwa ta ƙungiyar Vancouver Whitecaps, a 2019 ya fara wasa a Bayern Munich ta Jamus, a 2020 ya ɗauki kofin zakarun Turai da ita. A 2022, a Ƙatar, shi ya ci wa Kanada ƙwallonta ta farko a tarihin gasar kofin duniya ta maza.

Haka nan Mo Farah na Ingila, wanda ya ci lambobin zinare huɗu a wasannin Olamfik na 2012 da 2016. Sai a 2022 ya bayyana wa duniya cewa safararsa aka yi zuwa Landan yana ƙaramin yaro da sunan da ba nasa ba, aka mai da shi bara a wani gida. Wanda ya fara amincewa da shi har ya faɗa masa sirrinsa shi ne malaminsa na motsa jiki, Alan Watkinson, wanda ya sanar da hukuma, ya kuma tsaya masa a harkar gudu har ya sami takardar zama ɗan ƙasa. A garin Clarkston na Jihar Georgia ta Amurka ma, wata 'yar asalin Jodan, Luma Mufleh, ta tara 'ya'yan 'yan gudun hijira a 2004 ta kafa musu ƙungiyar ƙwallo, bisa sharaɗin cewa wanda bai halarci darasin yamma ba, ba zai taka leda ba. Daga bisani ƙungiyar ta haifar da makaranta sukutum.

Sai dai in yi gaskiya, misalan taurari suna da yaudara. A bayan kowane Davies akwai dubban yara da suka buga ƙwallo a fili ɗaya da shi, ba wanda ya ji sunansu. Hanyar da waɗannan shirye-shirye ke bi su taɓa makomar yawancin yara ta fi haka ɓoyuwa. A 2022 masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokan aikinsa sun nazarci abokantakar Amurkawa kimanin miliyan 70 a shafin Facebook, suka gano cewa ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke nuna ko ɗan talaka zai ɗaga sama a rayuwa shi ne yawan cuɗanyar talakawa da masu hali a inda ya taso. Dalilin a fili yake. Ɗan direban tasi ya san tasi, ya san shago, ya san gadi. Bai taɓa zama da injiniya ba, bai san akwai sana'ar haɗa magunguna ko ta gwajin jini ba, bai san wa ake roƙo ya rubuta masa takardar shaida ba, bai san akwai tallafin karatu da ake nema kafin wata rana ta wuce ba. Mutum ba ya burin abin da bai taɓa gani ba. Kulob ɗin muhawara ko na kimiyya yakan zama wurin farko da yaro ke haɗuwa da ɗalibin jami'a mai aikin sa-kai, ko likitan da ya zo ba da jawabi, har ya ce a ransa ashe wannan ma mutum ne kamar ni.

Bincike a kan ayyukan dogon hutu da ake ba wa matasa ya ƙara haske, ya kuma rage zumuɗi. A Chicago, wani gwaji da aka wallafa sakamakonsa a 2014 ya nuna cewa matasan da aka ba aikin mako takwas tare da babba mai jagora, kamun da aka yi musu kan laifukan tashin hankali ya ragu da kashi 43 cikin 100 a cikin wata 16. A Niyok kuwa, inda irin wannan shiri ya faro tun 1963, masu bincike sun gano cewa ya rage shiga kurkuku da ma mutuwa a tsakanin waɗanda suka shiga, amma bai ƙara musu albashi a shekarun da suka biyo baya ba. Ma'ana, shirin ya tsare rai da mutunci, amma bai isa shi kaɗai ya canza wa mutum matsayi a kasuwar aiki ba.

Haka ma masu sukar kuɗin da gwamnatin tarayya ke zubawa, ba haka kawai suke magana ba. Babban shirin ƙasar, wanda ake kira Cibiyoyin Koyo na Al'umma na Ƙarni na 21, an kafa shi ne a 1994, ya bunƙasa har yana ɗaukar yara fiye da miliyan ɗaya. Amma binciken da gwamnati ta sa aka yi a kansa, wanda rahotanninsa suka fito tsakanin 2003 da 2005, bai ga wani ƙarin maki na a-zo-a-gani a jarrabawa ba. Ƙananan yara sun ce sun fi jin suna cikin aminci, amma kuma an sami ƙarin rashin ji a wasunsu. Da irin wannan hujja gwamnatin Trump ta nemi a soke shirin gaba ɗaya a kasafin da ta gabatar a 2017, majalisa ta ƙi.

Amsar wannan suka ta zo a wani nazari da Joseph Durlak da Roger Weissberg da abokiyar aikinsu suka wallafa a 2010, bayan sun tattara sakamakon shirye-shirye kimanin 70. Sun gano cewa shirye-shiryen ba ɗaya suke ba. Waɗanda suka tsara abin da za su koyar daki-daki, suka sa yara yi da hannunsu, suka ware lokaci domin wata ƙwarewa takamaimai, suka kuma fayyace abin da ake son cimmawa, su ne suka ƙara wa yara yarda da kai da son makaranta da kyawun hali, har ma da maki. Waɗanda suka tara yara a zaure kawai aka ba su biskit ana jiran iyaye su zo, ba su haifar da komai ba. A nan nake ganin ɓangarorin biyu kowa ya riƙe rabin gaskiya. Mai cewa a soke ya manta da masu kyau, mai cewa a ƙara kuɗi ido rufe ya manta da marasa kyau. Abin tambaya kullum shi ne, wa ke tare da yaran, me yake koya musu, kuma zai daɗe tare da su ko kuwa wata uku zai yi ya sami aikin da ya fi albashi ya tafi?

Bayan barazanar kuɗi akwai ta tsoro, wadda a ganina ta fi illa. A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta soke ƙa'idar da tun 2011 ta taƙaita wa jami'an shige da fice yin kame a makarantu da asibitoci da wuraren ibada. Ko da jami'i bai taɓa taka ƙofar wata makaranta ba, labarin kaɗai ya isa ya sa uwa ta ce wa ɗanta daga aji sai gida. Zuwa aji dole ne a doka, zama bayan an tashi kuwa ganin dama ne, don haka shi ake fara yankewa. Yaron da ya fi kowa buƙatar wurin shi ne na farko da zai ɓace daga cikinsa, kuma a cikin waɗannan yara akwai da yawa da aka haifa a ƙasar, 'yan ƙasa ne cikakku.

Yanzu kuma in juyo gare mu, domin ba duka laifin ke wuyan gwamnatocin Turawa ba. Na sha jin iyayenmu a can suna cewa ba za su bar yaro ya zauna bayan an tashi ba, kada ya lalace, musamman idan 'ya mace ce. Ban raina wannan fargaba ba. Uban da ya ga 'ya'yan wasu sun manta sallah, sun manta gaisuwa, sun manta harshen uwa, yana da hujjar yin taka-tsantsan. To amma mu tambayi kanmu, yaron da muka kulle a ɗaki shi da wayar salula da intanet har tsawon awa huɗu, ba kowa a kansa, shi ne muka tsare? Wanda ke hannun malamin da muka sani, a wurin da za mu iya leƙawa kowane lokaci, ai ya fi shi tsaro nesa ba kusa ba. Sannan galibi 'ya mace ce ke biyan kuɗin wannan tsoro, domin ita ake mayarwa mai reno da girki, ƙaninta yana filin ƙwallo, daga baya kuma a yi mamakin yadda ba ta iya buɗe baki a gaban mutane.

Abin ban haushi shi ne mu ba baƙi ba ne a wannan fage. Wace al'umma ce ta fi mu sanin karatun yamma? Mu ne fa muka taso daga boko mu wuce Islamiyya, da dare kuma mu ɗauki allo. 'Yan'uwanmu a ƙasashen waje sun tafi da wannan al'ada, kusan kowane masallaci yana da makarantar ƙarshen mako, kuma wannan abin yabo ne. Shawarata ita ce a faɗaɗa ta. Ɗakin da ake karatun Alƙur'ani ranar Asabar yakan wuni a rufe daga Litinin zuwa Alhamis. Me zai hana a buɗe shi daga ƙarfe uku zuwa shida, a ɗauki malami ɗaya na lissafi da Turanci a biya shi albashi na mutunci? Ƙungiyoyinmu da ke iya tara dubban daloli domin bikin sallah da naɗin sarautar zango da kai gawa gida, ba za su gaza wannan ba. Likitocinmu da injiniyoyinmu da ma'aikatan jinya da ke can, kowa ya ba da awa biyu a wata, ya zo ya zauna da yaran ya faɗa musu ta inda ya bi. Zakkar ilimi ke nan. Iyaye kuma su daure su taka zuwa makaranta ko ɗakin karatu na unguwa su tambayi abin da ake da shi, su ga mai kula da shirin ido da ido, domin da yawa daga cikin shirye-shiryen kyauta ne, kuma a makarantun gwamnati iyaye suna da haƙƙin a nemo musu tafinta.

Kafin in rufe, mu tuna cewa ba sai an tsallaka teku ake zama baƙo ba. Tun daga 2009 rikicin Boko Haram ya raba miliyoyin mutane da gidajensu, ya watsa yara zuwa Maiduguri da Yola da Kano da Abuja da Difa, wasunsu suna zaune a azuzuwan da ba sa jin harshen da ake magana da shi sosai. Su ma sun san amsa a wasu lokuta, su ma dariya suke tsoro. Abin da ya yi wa ɗan Laberiya amfani a Edmonton, wato fili da ƙwallo da babba mai kula, ba ya buƙatar Dala biliyan kafin a yi shi a unguwanninmu.

An saki kuɗin da aka riƙe a Amurka a 2025, amma darasin da ya bari shi ne, abin da gwamnati ta bayar da sanarwa guda tana iya janye shi da sanarwa guda. Al'ummar da ta jingina tarbiyyar 'ya'yanta kacokan a kan kasafin wata gwamnati ta yi gini a kan rairayi. Mu yi amfani da abin da hukumomi suka tanada matuƙar yana nan, mu kuma gina namu a gefe, kamar yadda 'yan Karibiyan da Sinawa da Koriyawa suka yi. Mutum ya bar gida ne domin 'ya'yansa su fi shi. Idan ya tara kuɗi ya gina bene a Kano ko Yamai, amma ɗan da zai gaji benen ya salwanta tsakanin ƙarfe uku da ƙarfe shida, to ci-ranin bai biya kuɗin mota ba. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya shirya mana zuriya a duk inda suke, Ya kuma ba mu ikon sauke nauyin da Ya ɗora mana.